Ranar da Mahaifiyarku Ta Tsallake Zulai

Na jinkirta rubuta wannan babi fiye da kowane babi a tarihin nan, domin ya shafi sunan mahaifiyarku, Hajiya Rabi, Allah Ya jiƙanta da rahama. Na san babu ɗayanku da bai taɓa jin wani abu ba. Wata ta ji a gidan biki, wani ya ji daga bakin abokin faɗa, jikokina kuwa guntu-guntu suke tsinta ba su san mafari ba. Abin da ake faɗa shi ne wai an taɓa kama ta da maita a Tudun Wada, kuma wai ta amsa. Ni da na yi aikin magatakardan kotu har na ajiye aiki, na san tazarar da ke tsakanin abin da aka ce da abin da aka yi. Saboda haka zan jera muku al'amarin bi da bi, yadda idona ya gani kuma kunnena ya ji, domin ku daina sunkuyar da kai idan an taɓo zancen.

Abin ya faro ne daga wasa, kuma ina nufin wasa na haƙiƙa. A shekarar da malaman jami'a suka yi dogon yajin aiki, autarku Hafsatu ta dawo gida daga jami'a a Samaru ta zauna ba karatu ba aiki, yayanta Bashir kuma ya gama bautar ƙasa yana jiran abin da Allah zai yi. Wata rana bayan La'asar na shigo na tarar da su a kan tabarma ƙarƙashin bishiyar mangwaron tsakar gida, ga tulin takardu da Hafsatu ta bugo a wani shago a Kwangila, ga kuma wasu ƙwayoyi irin na lido, sai dai waɗannan wasu fuska shida gare su, wasu fuskokinsu sun fi ƙarfin ƙirgen kallo ɗaya. Ban tsaya tambaya ba na kwashe ƙwayoyin na zuba a aljihu, na ce ba a yi caca a gidan ubana ba, ba kuma za a fara a gidana ba. Hafsatu ta durƙusa ta ce in yi haƙuri in karanta takardun tukuna, idan na ga caca a ciki ita da kanta za ta sa musu wuta. Wannan magana ta yi mini daidai, domin ban taɓa yarda a yanke hukunci ba a karanta fayil ba.

Na zauna da tabarau na karanta ƙa'idojin daga farko har ƙarshe. Ga abin da na samu. Mutum ɗaya ne ke jan labari, sauran kowa ya ƙirƙiri mutumin da zai zama a cikin labarin, ya rubuta sunansa da sana'arsa a takarda, a ba shi lambobi na ƙarfin jiki da kaifin basira da ƙarfin zuciya. Mai jan labari ya bayyana inda suke da abin da suka gani, kowa ya faɗi abin da mutuminsa zai yi. Idan abin mai yiwuwa ne ko mai ƙin yiwuwa, kamar haura katanga ko tsayawa a gaban abin tsoro ba a gudu ba, sai a jefa ƙwaya ta raba gardama. Babu wanda ke cin wani, babu abin da ake sa wa a ci. Ko dai a tsira tare, ko a hallaka tare. Irin wanda Hafsatu ta kawo kuwa na ban tsoro ne, wato duk lokacin da mutum ya ga abin firgita sai a rage masa lambar ƙarfin zuciya, idan ta ƙare ya fita daga hayyacinsa a cikin labarin. Na mayar musu da ƙwayoyinsu, amma na gindaya sharuɗɗa: ba a ambaton abin da ya shafi addini a cikin wasa, ba a kiran sunan wani aljani ko iska da mutane suka sani, ba a saka wani rayayyen mutum na unguwa, kuma kafin kiran sallar Magariba an naɗe tabarma. Takardun ma da kansu sun ce a yi yarjejeniya tun farko a kan alamar da mai jin tsoro ya yi yawa zai yi a dakata. Muka ajiye faifai a tsakiya, wanda ya kife shi an tsaya ke nan, ba tambaya ba tsokana.

Hafsatu ce ta fara jan labarin, kuma gaskiya ba ta iya ba. Karantowa take yi tana fassarawa, tana in'ina, tana komawa baya. Labarin wani tsohon gida ne na ƙasashen sanyi mai ɗakin ƙarƙashin ƙasa, abin da babu wanda ya taɓa gani a cikinmu. Mahaifiyarku tana bakin ƙofar madafi tana tsintar wake, ta saurara har ta gaji.

"Ke Hafsatu," in ji ta, "wannan ai labaran duniya kike karanta mana. Ko kaza ba za ta ɗaga kai ba."

"To Umma, ke ki zo ki yi mana."

"In na yi, kar wanda ya zo ya ce in raka shi bayi."

Haka ta karkaɗe zaninta ta zo ta zauna. Ba ta karanta Turanci, don haka aka raba aiki: ita ke jan labari, Hafsatu na faɗin inda ya kamata a jefa ƙwaya, ni kuma aka ba ni riƙon lissafi da rubuta abin da ya gudana, domin babu mai rubutun da ya kai nawa tsabta. Aka matsa mini sai na ƙirƙiri nawa mutumin. Na ce sunansa Malam Idi, tsohon magatakarda ne. Bashir ya yi dariya har ya kwanta, ya ce an ce Baba ya ƙirƙiri wani, shi kuma ya ƙirƙiro kansa ya sauya masa hula. Ta biyar ɗinmu ita ce Zulai, 'yar maƙwabcinmu Malam Tanko tela, wanda katanga ɗaya ta raba mu, har da 'yar ƙofa ta mata a tsakanin gidajen biyu. Budurwa ce 'yar sakandare, tana zuwa Hafsatu na koya mata lissafi. Ban yarda ta zauna a wasan ba sai da mahaifiyarku ta shiga da kanta ta nemi izinin uwarta Larai, wadda ta ce in dai a gidan Malam ne ai ko kwana Zulai ta yi. Ku riƙe wannan, domin daga baya an yi kamar ba a taɓa faɗinsa ba. Da aka ce Zulai ta zaɓi suna, ta ce ita ba za ta iya tuna amsa wani suna ba, a bar mata nata. Aka bar mata, na rubuta shi a saman takardarta.

Labarin da mahaifiyarku ta shirya na matafiya ne da motarsu ta mutu a wani ƙauyen da ba shi a taswira, suka fake a tsohon sito na auduga kusa da layin dogo da aka daina bi. A wurin akwai wani abu da ba shi da jiki ba shi da suna. Abin da yake yi kawai shi ne ya ari muryar wanda ka yarda da shi ya kira ka daga bayanka. Idan ka amsa, ƙafarka ta daina jin maganarka, ta ɗauke ka zuwa inda muryar take. Ban san inda ta samo wannan ba. Shekaru muna tare ban san tana da wannan baiwa ba. Ba ta ɗaga murya, ba ta zare ido, ba ta kwaikwayon kukan komai. Sai ta faɗi ƙananan abubuwa: cewa ƙofar siton da muka tokare da dutse yanzu dutsen yana ta ciki, cewa takalman da muka jera a bakin ƙofa sun ƙaru da ƙafa ɗaya. Sai ta ci gaba da ɓarar gyaɗa kamar ta manta da mu. Rana tsaka, awaki na kuka, masu tallan ruwa na wucewa a waje, amma wallahi na sha jin tsikar jikina ta tashi, kuma sau da yawa na kama kaina ina waiwayen ƙofar zaure. Bashir ya taɓa kife faifai ya ce ƙishirwa yake ji, har yau ƙannensa ba su bar shi ya huta ba.

Zulai ce ta fi kowa jin daɗin abin, kuma ita ta fi kowa jarumta. Ina tuna wata yamma da mutanenmu suka rabu a cikin siton, ita kaɗai ta rage riƙe da fitila. Mahaifiyarku ta sassauta murya, irin wadda take kiran yara da ita su zo su karɓi ƙanzo.

"Zulai. Zo ki karɓa mana."

Yarinyar ta toshe bakinta da hannu biyu, idanunta na dariya jikinta na rawa.

"Zulai, ni ce fa. Ba kya jina ne?"

Zulai ta jefa ƙwaya, ta faɗi a ƙaramar lamba. Mahaifiyarku ta ce ba ta amsa ba, amma ƙafarta ta hagu ta matsa da kanta. Na soke lambar ƙarfin zuciyarta na rubuta wadda ta gaza ta. Aka kira sallah, aka naɗe tabarma, Zulai ta fita ta 'yar ƙofa tana cewa gobe sai ta ga bayan wannan abu. Iyakar abin da ya faru a gidana ke nan. Duk wanda ya faɗa muku an kunna turare, ko an yanka wani abu, ko an yi kiɗa, maƙaryaci ne.

Lokacin tsananin bazara ne, irin zafin da ke hana barci a ɗaki. Zulai ba ta zo washegari ba, aka ce zazzaɓi. Mahaifiyarku ta aika mata da kunu. Kwana biyu bayan haka, da hantsi, ina zaure ina sauraron rediyo sai na ji hayaniya tana taruwa a ƙofar gida, ba irin ta faɗan yara ba, wata iri mai nauyi da ke ƙaruwa ba tare da an ɗaga murya ba. Na leƙa. Malam Tanko ne a gaba, kansa a ƙasa, bayansa yayarsa Goggo Asabe wadda ta zo daga Tudun Jukun jinyar yarinyar, bayansu kuma mutane sun cika lungu, har da fuskokin da ban taɓa gani ba. Goggo Asabe ce ta yi magana. Ta ce tun jiya yarinya ke fizge-fizge tana sambatu, kuma suna ɗaya take kira. Tana cewa Hajiya na kiranta, kar a bari ta amsa, Hajiya ta riƙe mata ƙafa. Ta ce su ba faɗa suka zo ba, abin da aka saba yi shi suke nema: matata ta fito ta tsallake yarinya ta sakar mata kurwa, kowa ya kama gabansa.

Ku da kuka tashi a wasu garuruwa wataƙila ba ku san nauyin wannan ba. A wurin masu wannan imani, idan mara lafiya ya ambaci sunan wani a cikin zafin ciwo, to wannan ne ya kama shi. Maganin kuwa shi ne wanda aka ambata ya tsallake shi. Idan ya tsallake aka warke, an tabbatar maye ne. Idan ya ƙi aka mutu, an tabbatar, kuma ya yi kisa. Babu ƙofar da mutum zai fita da mutuncinsa. Na riƙe fayilolin irin wannan shari'a da hannuna, na karanta abin da taro ke yi wa matar da aka nuna da yatsa, na ga hotunan da ake maƙalawa a ciki. Ina tsaye a bakin zaurena, abin da ke zuwa mini a rai shi ne ƙofar gidana ta katako ce.

Na yi abin da na iya. Na ce su saurara, na shiga na ɗebo takardun wasan da ƙwayoyin, na fara bayani dalla-dalla kamar mai gabatar da hujja: ga ƙa'ida, ga yadda ake yi, ga dalilin da ya sa yarinya ke faɗin abin da take faɗi, labari ne ya zauna mata a kai zazzaɓi ya tayar da shi. A kotu da wannan ya isa. Ban kai rabi ba wani saurayi ya fizge takarda ɗaya daga hannuna ya ɗaga sama. Ta Zulai ce. Gidaje-gidaje ne a jere da lambobi a ciki, sunanta a sama.

"Jama'a ga hatimin nan," in ji shi. "Ga sunanta. Ku duba, kullum sai an soke an rage mata."

Takardar ta bi hannu-hannu. Wani ya ce shi ya sha jin muryar Hajiya ta kan katanga tana kiran yarinyar a hankali, da rana tsaka. Wata ta ce dama ita ta lura Hajiya na yawan ba yaran mutane abinci. Abincin da suka yi shekaru suna karɓa da hannu biyu, a cikin ɗan lokaci ya zama shaida. Dutse na farko ya sauka a kan kwanon rufi, ƙararsa ta cika gidan. Daga can baya na ji an ambaci fetur. Na koma ciki na sa sakata, na buga wa 'yan sanda waya, aka ce ana zuwa. Na buga wa limamin unguwa, yana can wajen jana'iza a cikin birni.

A tsakar gida na tarar da mahaifiyarku a tsaye da mayafinta a kafaɗa, Hafsatu na riƙe da hannunta, Bashir ya ɗauko taɓarya ya tsaya a bakin zaure. Sai 'yar ƙofar mata ta buɗe, Larai ta shigo da rarrafe. Ba zargi ta zo yi ba, ba kuma wankewa ba, ita kanta ba ta san abin da ta yarda da shi ba. Ta ce Zulai na amai, ba ta son haske, wuyanta ya sandare ba ya lanƙwasuwa. Ni da mahaifiyarku muka dubi juna. Duk wanda ya yi shekaru a ƙasar nan ya san abin da wuya mai sandarewa ke nufi a bazara. Na ce sanƙarau ne, a ɗauko ta yanzu in kai ta asibiti a motata. Larai ta fashe da kuka ta ce Goggo ta zauna a bakin ƙofar ɗaki, ta rantse ba mai fitar da yarinya, wai wanda aka kama idan allura ta taɓa shi kafin a sake shi mutuwa zai yi. Malam Tanko kuma ba ya iya ƙetare maganar yayarsa, ita ta raine shi.

Mahaifiyarku ta ce za ta je. Na ce ba za ta je ba. Na ce mata tsallakawar nan sa hannu ne a kan ƙarya, kuma sa hannun da ba a gogewa. Na ce a jira 'yan sanda su zo su fitar da yarinya da ƙarfin hukuma. Ta ce yaushe za su zo. Sai na faɗi abin da duk muke gudun faɗi, na ce ba ita kaɗai abin zai ci ba, domin masu wannan magana sun ce a nono ake sha. Duk 'yar da ta haifa, da duk abin da 'ya'yanta mata za su haifa, an shafa musu. A lokacin kuwa an riga an kawo kayan sa ranar Hafsatu daga wani gida a Hanwa, suna jere a ɗakin mahaifiyarku. Ta juya ta dubi autarta, ta daɗe tana dubanta.

"Kin ji abin da babanki ya ce. Gaskiya ya faɗa. Ke abin zai fara ci."

Hafsatu ta share fuska da bakin hijabinta. Wani dutsen ya sake sauka a kan rufi.

"Umma, ni na kawo wasan nan gidan nan. Ki je."

Sai mahaifiyarku ta matso gabana ta rusuna, kamar yadda take yi idan za ta unguwa.

"Malam, tun da aka kawo ni gidan nan ban taɓa taka waje ba da izininka ba. Yau ma ba zan fara ba. Ina neman izini."

Da ta fita ba ta tambaye ni ba, da na sami wanda zan ɗora wa laifi har ƙarshen raina. Ba ta ba ni wannan sauƙin ba. Na tsaya ina jin numfashin taro ta bayan katanga, ina jin kukan Larai, ina lissafin 'ya'yana mata da jikokin da ba a haifa ba a hannu ɗaya, da 'yar tela a ɗaya hannun. Duk abin da na koya a rayuwata yana ce mini ba a amsa laifin da ba a yi ba. Na shiga ɗaki na ɗauko makullin mota. Na ce mata Allah Ya tsare, ta je.

Ba ta bi ta 'yar ƙofa ba. Ta ce a buɗe zaure, ta fita ta gaban kowa. Ina gefenta, Bashir na bayanmu, kuma ban taɓa jin tsoro irin na wannan ɗan taƙin da ke tsakanin ƙofata da ta Malam Tanko ba. Mutane suka dare, mata na janye 'ya'yansu, wasu na tofa addu'a a cikin riga, wasu na kauce wa inuwarta. A ƙofar ta tsaya ta kira Malam Tanko da sunansa, ta ce za ta yi abin da suka nema bisa sharaɗi ɗaya, kuma jama'a su shaida: mota za ta tsaya a nan a kunne, tana sauke ƙafa za a ɗauki yarinya a sa a ciki, ba jiran a ga ko ta farfaɗo, ba shafa wani abu, ba shawara da kowa. Goggo Asabe ta ce in an saki kurwa ai ko Kano a kai ta. Malam Tanko ya ce ya yarda. Na kawo motar na bar ta tana aiki, na shiga. An shimfiɗe Zulai a tsakar gida, kanta ya karkata baya, leɓɓanta sun tsage, tana motsa baki ba a jin abin da take faɗi. Mahaifiyarku ta tattare zaninta, ta ce da muryar da kowa ya ji Allah Shi ne shaida ba ta riƙe komai na yarinyar nan ba, sannan ta tsallake ta. Maganar ba wanda ya ɗauka. Tsallakawar kowa ya gani.

Sanƙarau ne, kamar yadda muka zata. Likita ya ce da an ƙara jinkiri da sai dai haƙuri. Zulai ta tashi, sai dai kunnenta ɗaya bai ƙara ji ba. Da ta dawo hayyacinta ta faɗa wa duk wanda ya tsaya sauraro cewa wasa ne, labari ne, ita ta ce a bar mata sunanta. Aka ce ai wanda aka kama ba ya sanin an kama shi. Liman ya yi huɗuba mai zafi a kan zato da ƙazafi, aka ce gaskiya ne, aka fito aka ci gaba. Mutanen Hanwa suka aiko da dattijo mai ladabi ya ce a yi haƙuri a mayar musu da kayansu, ba don sun yarda da zancen ba, sai don bakin dangi. Da Sallah ta zo, kwanonin tuwon da mahaifiyarku ta raba wa maƙwabta suka dawo a wanke tas, amma na ga inda aka zubar a bayan kwata. Ta daina zuwa suna, domin ta lura ana ɗauke jariri a shige da shi ƙurya idan ta yi sallama. An ba ni shawarar in sayar da gidan. Na ƙi, domin wanda ya gudu ya ƙara sa hannu, ita ma ba ta taɓa neman mu tashi ba. Hafsatu ta yi aure daga baya, kun san mijinta, kun san kuma cewa ni na zaunar da shi na ba shi wannan labari kafin ya kawo ko goro.

Abin da ya fi tsaya mini a rai ba duwatsun ba ne. Ranar da aka sallamo Zulai, bayan La'asar, Larai ta buɗe 'yar ƙofa ta durƙusa a bakinta, ba ta shigo ba. Ta turo ƙwaryar ƙwai a ƙasa, idanunta cike da hawaye, kuma na rantse muku babu mugunta ko ɗigo a fuskarta.

"Hajiya, mun gode. Allah Ya saka da alheri da kika sake mana ita."

Na miƙe daga kujera, maganar da ke bakina ta isa ta raba gidajen nan biyu har abada. Mahaifiyarku ta ɗaga mini hannu ba tare da ta dube ni ba. Ta sunkuya ta ɗauki ƙwaryar.

"Amin, Larai. Allurar da ta rage kar a bari ko ɗaya ta wuce. Idan babu mai kai ta, Malam zai kai ta."

Ni na kai ta, har aka gama.